Jiran Ɗan Wata Ƙasa: Tarihin Riƙo Daga Nassarawa Zuwa Ƙetare

   To uwargida, a ɗan matso da rediyo kusa, domin yau tarihi za mu taɓa, kuma tarihin abin da ya fi komai tsaya wa mace a rai ne, wato ɗa.

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abu da suka daɗe suna yi. Miji da mata waɗanda Allah bai ba haihuwa ba, ko kuwa suna da nasu amma suna son ƙari, sai su cike takardu su nemi a ba su yaro daga wata ƙasa mai nisa, ya zama nasu har abada, da sunansu da gadonsu. Za a zo a duba gidansu, a binciki lafiyarsu da samunsu da halinsu, su biya kuɗi masu yawa, sannan su zauna jira. Wani jiran shekara biyu ne, wani biyar. Akan aiko musu da hoton yaron su manna a bango, su gyara masa ɗaki, su saya masa riguna, rigunan su yi masa kaɗan tun bai taɓa sa su ba. Duk macen da ta taɓa ƙirga wata tana sa rai ta san zafin irin wannan jira, ba sai an gaya mata ba. Sai dai tarihi ya nuna jiran nan baki biyu gare shi kamar igiya. A lokacin da wani gida ke jiran isowar yaro, sau da yawa akwai wata uwa a can wani ƙauye da ke zaune tana jiran dawowarsa.

Bari mu fara daga gida. Mu Hausawa riƙon ɗan wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni, in an tashi yaye, kaka kan ɗauke yaro, ko gwaggo, ko inna, musamman ɗan fari da uwa ke jin kunyarsa, ko sunansa ba ta faɗa. In kuma akwai wata a dangi da ba ta samu haihuwa ba, sai a ce a ba ta wance ta riƙe, ta ɗebe mata kewa. Tsofaffi na kiran wannan tallafi. Akwai wata baiwar Allah da ake ce wa Baba ta Karo, wadda aka haifa wajen 1877, ta rasu a 1951. Tsakanin 1949 da 1950, a ƙasar Zazzau, ta zauna ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Baba ta yi aure huɗu, ba ta taɓa haihuwa ba, amma ba ta tsufa ita kaɗai ba. An ba ta 'ya'ya ta riƙe, ta rene su, ta yi musu aure. Abin lura a nan shi ne, a irin wannan riƙo yaro ya san ubansa, ya san uwar da ta haife shi, ya san ƙofar gidansu. Ranar salla a kai shi gaisuwa. Ranar auren 'yar riƙo, wajen dangin ubanta ake zuwa neman waliyyi. Riƙo ya ƙara wa yaro uwa, bai rage masa wadda yake da ita ba.

Wannan tsari yana da tushe a addini, kuma tushen nasa labarin wani yaro ne da aka raba da iyayensa. Zaidu ɗan Harisa yana ƙarami mahara suka kama shi, aka sayar da shi a kasuwar Ukaza, ya faɗo hannun Nana Khadija, ita kuma ta ba da shi ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Duk tsawon shekarun nan mahaifinsa Harisa bai daina cigiya ba. Da ya samu labarin ɗansa na Makka, ya taso shi da ɗan uwansa da niyyar fansa. Aka ba Zaidu zaɓi, ya zaɓi zama inda yake, mahaifinsa kuma ya koma da sanin ɗansa na raye a hannu nagari. Daga nan mutane suka riƙa kiransa Zaidu ɗan Muhammadu, har ayoyi na 4 da 5 na Suratul Ahzab suka sauka, aka yi umarni a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu na asali. Malamai na kiran abin da aka hana ɗin tabanni, wato mayar da ɗan wani naka ta hanyar shafe nasabarsa. Abin da aka bari, aka ma kwaɗaitar da shi ƙwarai, shi ne kafala: ki ciyar, ki tufatar, ki ilimantar, ki so shi kamar naki, amma sunan ubansa na nan. Ku riƙe wannan, 'yan uwa, domin duk sauran labaran da za mu ji a kansa suke juyawa.

Yanzu mu zo nan kusa, unguwar Nassarawa. Da yawanmu mun san sunan Gidan Ɗan Hausa, inda Baturen nan Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, cikin malaman makarantar akwai wani dattijo mai suna Dorugu, wanda yana cikin Hausawa na farko da aka san sun zauna a gidan Bature a can Ingila. An haife shi wajen 1840 a Dambanas, kusa da Kance a ƙasar Damagaram. Yana yaro aka kama shi bauta, aka raba shi da iyayensa, aka yi ta sayar da shi har ya isa Kukawa ta Barno. A can wani matafiyi Bajamushe, Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, tare da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a 1852, sai abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya ɗauki yaran biyu. Suka bi shi Katsina da Sakkwato har Tumbutu, suka dawo ta Kano, suka ƙetare Sahara, a 1855 suka sauka Landan.

Barth ya yi shirin mayar da su gida. Amma wani ɗan mishan mai suna Schon, wanda ke nazarin harshen Hausa, ya ga ya samu abin da ya daɗe yana nema, sai ya riƙe su a gidansa, abin da ya jawo saɓani tsakaninsa da Barth. Abbega ya dawo a 1857. Dorugu kuwa sai da ya kai 1864. A tsakanin nan an yi masa baftisma, an sa masa suna James Henry. Daga bakinsa Schon ya rubuta tatsuniyoyi da labarai da yawa na cikin littafinsa Magana Hausa, wanda ya fito a 1885. Dorugu ya samu ilmi, ya ga duniya, ba a ce an zalunce shi da yunwa ko duka a Ingila ba. Amma ku duba lissafin: yaron da aka fitar daga Dambanas ya dawo da wani suna da wani addini, ya ƙare rayuwarsa yana aikin tafinta da koyarwa a garuruwan da ba nasa ba, ya rasu a nan Nassarawa a 1912.

A zamanin da Dorugu ke tsufa ne aka fara abin da muke kira gidan marayu a Arewa. Da Turawa suka ci ƙasar nan, sun riƙa tare fataken bayi a hanya suna ƙwace yara. To ina za a kai su? Da yawansu an ɗauko su tun suna ƙanana daga wurare masu nisa, ba su iya faɗin sunan garinsu ba. Gwamnatin Lugga ta buɗe gidan 'yantattun bayi a Zungeru, da wani a Barno. Wasu yaran aka raba su ga masu riƙo, a 1909 kuma aka miƙa na Zungeru ga 'yan mishan a Rumasha, bakin kogin Binuwai. Daga nan ne aka fara samun yaron da hukuma ce uwarsa, takarda ce danginsa. Kafin wannan lokaci, maraya na dangi ne, tsintacce kuma na al'umma ne da baitulmali, kamar yadda littattafan fiƙihu suka tsara.

Shi kuwa kwasar yara da yawa daga wata ƙasa zuwa wata don a mayar da su 'ya'ya, yaƙi ne ya haife shi. Bayan yaƙin Koriya ya tsaya a 1953, wani manomi Ba'amurke, Harry Holt, da matarsa Bertha suka ɗauko yara 8 daga can a 1955. Labarinsu ya bazu a jaridu, dubban iyalai suka ce su ma suna so. Daga wannan lokaci Koriya ta Kudu ta fitar da yara wajen 200,000 zuwa ƙetare. Yaran sun girma, da yawa suka koma neman asalinsu, sai suka tarar da takardun da aka rubuta musu ƙarya ne. A watan Maris na 2025 wani kwamitin bincike na gwamnatin ƙasar ya tabbatar da cewa an riƙa rubuta yara a matsayin marayu alhali iyayensu na raye, wasu ma an musanya musu suna da na wani yaron. Mutum ya kai shekara hamsin kafin ya san uwar da ta haife shi ta yi shekaru tana nemansa.

Mu ma a Nijeriya an kusa yin irin wannan. Lokacin yaƙin basasa, tsakanin 1967 da 1970, ƙungiyoyin agaji sun kwashi yara masu fama da yunwa daga yankin Biyafara zuwa Gabon da Kwaddibuwa da tsibirin Sawo Tome don a yi musu magani. Da yaƙi ya ƙare, gwamnatin Janar Gowon ta tsaya a kan cewa yaran 'yan Nijeriya ne, a dawo da su. Tsakanin ƙarshen 1970 da farkon 1971, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, aka dawo da fiye da 4,000, aka shiga aikin neman danginsu ƙauye-ƙauye. Aiki ne mai wahala da cin lokaci, amma shi ya sa yawancinsu suka tashi a cikin nasu.

Harkar ta ci gaba da bunƙasa a duniya har ta kai ƙololuwa a 2004, shekarar da Amurka kaɗai ta karɓi yara kusan 23,000 daga ƙetare. A 2023 ba su kai 1,500 ba. Me ya kawo wannan faɗuwa? Ƙasashe ne suka riƙa rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya, saboda abin da suka gano. Kuma duk ƙofar da aka rufe, akwai iyalan da ta rufe da su suna tsakiyar jira. A watan Satumba na 2013 ƙasar Kwango ta daina ba da takardar fita ga yaran da kotunanta suka riga suka miƙa wa baƙi. Ɗaruruwan iyalai a Amurka da Faransa da Italiya suka zama iyaye a takarda, yaran na Kinshasa, su suna can suna aiko kuɗin abinci da magani wata-wata. Sai daga ƙarshen 2015 zuwa 2016 aka riƙa sakin su kashi-kashi. Habasha ta haramta abin gaba ɗaya a watan Janairu na 2018. Ƙasar Sin, wadda ta fitar da yara fiye da 160,000 tun daga 1992, ta dakatar a 2020 saboda annobar korona, a 2024 kuma ta sanar da rufewa. Akwai iyalan da aka riga aka haɗa su da yaro, sun san sunansa, sun yi shekara huɗu suna kallon hotonsa, rana ɗaya aka ce musu babu. Wallahi abin tausayi ne, kuma yawancinsu mutane ne masu kyakkyawar niyya.

Amma 'yan uwa, ku saurari abin da ya faru a maƙwabtanmu Cadi, ku ji ɗaya bakin igiyar. Ranar 25 ga Oktoba 2007, a garin Abece, jami'an tsaro suka tare wasu Faransawa 'yan wata ƙungiyar agaji suna shirin sa yara 103 a jirgin sama. An naɗa wa wasu yaran bandeji don a ce marasa lafiya ne za a kai asibiti. A can Faransa kuwa, a filin jirgin Vatry, iyalai sun taru tun da wuri suna jira, sun biya kuɗi, an gaya musu marayun yaƙin Darfur ne da ba su da kowa a duniya. Jirgi bai zo ba. Da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da Red Cross suka zauna da yaran, sai 91 daga cikinsu suka nuna suna zaune ne da uwa ko uba ko wani babba da suke ɗauka a matsayin mahaifi. Yawancinsu 'yan ƙauyukan Cadi ne na bakin iyaka, wajen Adire da Tine. Iyayen sun ce an gaya musu makaranta za a sa yaran a nan cikin ƙasa, ba wanda ya ambata musu Faransa. A watan Disamba kotun Injamena ta yanke wa Faransawa 6 ɗaurin shekara 8 da aiki mai tsanani, aka mayar da su ƙasarsu, a ƙarshen Maris 2008 Shugaba Idris Deby ya yi musu afuwa. Yaran kuwa sun yi wata biyar a gidan marayu na Abece kafin a fara mayar da su ga iyayensu. Ku kwatanta mace biyu a rana ɗaya: ɗaya a filin jirgi riƙe da bargon yaro, ɗaya a ƙauye tana zaton ɗanta na aji yana karatu. Dukkansu an yaudare su, kuma abin da aka yaudare su da shi shi ne alkawarin gaggawa.

Kada wata ta ce ai wannan sha'anin Turawa ne. A 2014 aka bankaɗo wata badaƙala a Jamhuriyar Nijar, inda aka tuhumi mutane wajen 30, har da matan manya, da sayo jarirai daga kudancin Nijeriya ta hanyar Binin, a zo Yamai a yi suna a ce an haihu. A 2017 kotu ta ɗaure da dama daga cikinsu. Me ya kai mace ga wannan? Gori. Gorin kishiya, gorin dangin miji, da habaicin biki. Sannan ga namu na nan Kano, wanda har yau in an tuna jiki kan yi sanyi. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda suka bayyana gano yara 9 da aka sace daga unguwanni irin su Hotoro da Kawo da Sauna da 'Yankaba da Dakata, nan bayan gidajenmu, aka kai yawancinsu Anaca ta jihar Anambra aka sayar. An canja musu suna, wasu sun manta Hausa. Akwai iyayen da suka yi shekara biyar suna cigiya, uwa ba ta san ko ta yi makoki ko ta ci gaba da sa rai ba. A watan Yuli na 2021 babbar kotun jihar Kano ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. Laifi ba shi da ƙabila, 'yan uwa. Abin da ke raya wannan kasuwa a ko'ina shi ne mai saye wanda ya gaji da jira, kuma bai tambayi daga ina ba.

Saboda irin waɗannan ne duniya ta kafa dokoki. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita a 1991, ta ambaci kafala da sunanta a matsayin hanyar kula da yaron da ya rasa iyali, ta kuma ce kada a fitar da yaro ƙetare sai an rasa yadda za a yi da shi a ƙasarsa. A 1993 aka ƙulla wata yarjejeniyar a birnin Hague na ƙasar Holan, wadda ta shar'anta cewa sai hukuma ta tabbatar iyaye sun yarda da saninsu, ba don an ba su kuɗi ba, kuma yardar uwa sai bayan ta haihu. Nijar ta shiga wannan yarjejeniya a 2021. A nan gida, dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce ɗan Nijeriya ne kawai kotu za ta miƙa wa yaro ta wannan hanya. Shi ya sa yawancin masu jiran yaro daga Nijeriya 'yan uwanmu ne mazauna ƙetare. Su ma a watan Maris na 2021 gwamnatin Ingila ta sa takunkumi a kan shigo da yara daga Nijeriya, ta ce takardun ba abin dogaro ba ne, ga kuma alamun cinikin jarirai. Ɓarnar 'yan kaɗan ta tsawaita jiran masu gaskiya. A jihar Kano kuwa, sai a watan Mayu na 2023 aka sa hannu a kan dokar kare yara.

To ashe jiran da ake kuka da shi, wani ɓangarensa shi ne katangar yaro. Watannin da jami'i ke ɗauka yana cigiya a rediyo, yana tambayar mai unguwa, yana zuwa duba gidan mai nema, su ne damar da uwar da ta ɓatar da ɗanta ke da ita ta same shi kafin ya yi nisa. Ba a ce kowane jinkiri alheri ne ba. Akwai na sakaci, akwai na neman na goro, kuma yaro na girma ne a gidan hukuma yayin da takarda ke kwance a kan tebur, wannan kam abin gyara ne. Amma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. A Abece, da Yamai, da Anaca, duk inda aka gajarta hanya, yaro ne ya biya da sunansa.

Akwai kuma mai jira na uku da ba a cika tunawa da shi ba, kuma yana nan kusa da mu. A wannan unguwa ta Nassarawa inda Dorugu ya ƙare kwanansa, akwai gidan yara na gwamnatin jiha, ƙarƙashin Ma'aikatar Mata. Can ake kai jaririn da aka tsinta a kwali, da yaron da ya ɓace a kasuwa ko tasha, da wanda aka ƙwato daga hannun masu safara. Wasu iyayensu kan zo su gane su. Wasu kuwa a nan suke yaye, a nan suke fara makaranta, suna kallon ƙofa duk ranar da baƙi suka kawo kayan salla. Ma'aikata na iya ƙoƙarinsu, amma mace mai aikin kwana da yara da yawa a hannunta ba za ta zama uwar da ke tashi tsakar dare don tarin yaro ɗaya ba. Wani na neman ɗa a bayan teku, ga wani yaro a bayan katanga yana neman uwa.

Saboda haka uwargida, in ke ce Allah ya jarraba da jinkirin haihuwa, ko kuwa kina da naki amma zuciyarki na son ladan riƙon maraya, ga abin da tarihin nan ya bar mana. Da yake yawancinmu muna cikin gida ne, labari shi ke zuwa ya same mu. Wata za ta shigo da sallama, ta rage murya, ta ce akwai jariri ba mai shi, a kawo kaza a rufa wa juna asiri. Ki ce mata a'a, ki kuma gaya wa maigida. Ɗa ba ya faɗowa daga sama, kowane jariri da uwar da ta yi naƙudarsa. Hanyar gaskiya ita ce ku zauna da maigida ku yi shawara, shi ya je Ma'aikatar Mata, a bi ta hannun jami'an walwalar jama'a da kotu, a rubuta komai. In an tsinci yaro a unguwa, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda ko Hisba kafin kowa ya ce ya ɗauka. In kuma ɗan dangi ne za ki riƙa, a yi shi a gaban shaidu, kowa ya sani.

In yaro ya shigo hannunki, ki bar masa sunan ubansa in an san shi, in ba a sani ba a nemi shawarar malamai kan sunan da ya dace. Kada ki ɓoye masa asalinsa har ya ji a bakin 'yan gori ranar da aka zo neman aurensa. Ki gaya masa da kanki, a hankali, daidai hankalinsa. Maganar muharramaka tana da mafita: a mazhabarmu ta Malikiyya, in aka shayar da yaro cikin shekara biyun farko, ko kaɗan ne ya isa cikinsa, ya zama ɗan shayarwa, don haka ke ko wata 'yar uwarki mai goyo na iya shayar da shi, a tambayi malami yadda hukuncin zai faɗa a gidanku. Gado kuwa ba ya ci, amma kina iya yi masa kyauta kina da rai, ko wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiya ba. Sannan a ji tsoron Allah a kan 'yar riƙo. Mun san gidajen da ita ce mai talla, ita ce mai wanke-wanke, 'ya'yan gida na makaranta. Wannan bauta ce aka sa wa sunan riƙo. Ku kuma kishiyoyi da dangin miji, a sassauta harshe, domin kalma ɗaya ta gori ta isa ta tura baiwar Allah ga abin da za ta yi nadamarsa har kabari.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda shi kansa maraya ya tashi a hannun kakansa da baffansa, ya yi wa mai kula da maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna, har ya kwatanta da yatsunsa biyu. Wannan matsayi ya cancanci a yi masa haƙurin bin layi da cike takarda.

A nan za mu dakata a yau. Masu neman haihuwa, Allah ya ba su masu albarka. Iyayen da 'ya'yansu suka ɓace, Allah ya bayyana musu su cikin aminci. Marayunmu, Allah ya haɗa su da hannu nagari. Sai mun sake saduwa a mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A gaida maigida, a shafa kan yara.